Daren Laraba a Ƙofar Shagona

Ni ke da telen, shi ya sa ban cika kallonta ba.
Fuskoki nake kallo.
Kowace Laraba in an sallame isha'i
sai in fito da ita, in ɗora kan teburin da bulo ke riƙe wa ƙafa.
Benci biyu, tabarma ɗaya,
sauran mutanen Bagalam kowa ya zo da ƙafafunsa.

Ga Barmu ya fito,
farar shadda, murmushi kamar wuƙa cikin kube.
Makon jiya ya haƙa wa ubangidansa rami,
wanda ya ɗauko shi ba ko takalmi.
Yau ya zo gaisuwar mutuwa
da buhun shinkafa, da hawaye,
da ido ɗaya kan kujerar mamacin.

"Tir!" in ji Habsu mai awara,
mai yana ƙuna ba ta ji ba.
"Shi ya kashe, shi ya riga kowa kama makara!"

Mushe Gonda ya gyara tabarau.
Shekara talatin yana cin alli a lakwal.
Ya ce, "Na koyar da irinsa uku.
Su ne masu rubuta sunan masu surutu,
su goge na wanda ya ba su ƙuli."

Lawali ɗan kabu-kabu ya fi kowa zafi.
"Allah ya haɗa mu kan gudron!
Kyauta zan ɗauke shi,
in sauke shi tsakiyar gulbi ranar da ya kawo."
Aka yi dariya.
Can gefe ƙaramin Tsahiru ya karkata hula
daidai yadda Barmu ke karkatawa.
Ba wanda ya tsawata masa.

Tsoho Mati ba ya magana.
Amma duk lokacin da yaran Barmu suka bi gida-gida da dare
da sabulu da ambulan,
sai ya duƙa yana neman wani abu a ƙasa
wanda bai faɗi ba.

To, direban Barmu ya ji abin da bai kamata ya ji ba.
Aka kira shi falo, aka ce zauna.
Barmu da kansa ya zuba shayi,
da kansa ya miƙa.
Habsu ta dafe ƙirji: "Kada ka sha, ɗan nan!"
Kofi ya kai leɓe,
sai kuran ta ɗauke.

Ihu. Tsaki. Wani ya taka wani.
Daga nan shiru, sai sauro da ƙaurin awara.
Cikin duhun nan wata murya ta ce a hankali,
"Amma fa, wallahi, namiji ne."
Ban gane mai ita ba.
Na jira tir ɗin Habsu.
Na jira Lawali.
Har wuta ta dawo, ana nuna tallar madara.

Ran Asabar aka yi zaɓen shugaban 'yan kabu-kabu a tasha.
Tun Juma'a labari ya zagaya
wai Na-Allah ya taɓa kuɗin asusu.
Ba wanda ya gani, kowa ya ji.
Lawali ya ci.
Ya rungume Na-Allah gaban jama'a,
har da hawaye.

Ni ma kada in cika baki.
Allon da ke saman ƙofar nan, Arzika Mai Gyaran Rediyo,
in rana ta daki fentin da hantsi
ana iya karanta wani suna a ƙarƙashi.
Mai sunan yana Madarunfa yanzu, yana faci.
Tare muka sayi bencin nan.

Jibi Laraba.
Habsu ta yi caca da Gonda kan dala ashirin:
ita ta ce direban ya zubar, shi ya ce ya shanye.
Na sayo lita biyu saboda injin,
na kuma sayo gwangwanin fenti.