Maɓallai Bakwai

A Soroka, can bisa gaɓar kogin Nistru,
ubana Nichifor ya bar mini fili,
da wuƙar auren itace mai baƙar ƙota,
da bashin taki na shekara biyu.
Shekara talatin yana renon dashen tuffa
a ƙasa guda, tuffa bayan tuffa,
tsakanin layuka a share fes,
ko tsinken ciyawa bai yarda da shi ba.

Sai dashen ya fara ƙin girma.
In ka tuge guda, saiwar guntuwa ce,
baƙa ƙirin, kamar gashin da wuta ta lasa.
Na ƙara taki. Na ƙara ruwa.
Na dunƙulo ƙasar na kai hancina,
ba ta ƙamshi, ba ta wari.

Zinovia, tsohuwa mai kiwon zuma a ƙetaren shinge,
ta murza ɗan hoge tsakanin yatsunta.
Ta ce, "Ba yunwa ke damun ƙasarki ba, Profira.
Masu gidan ne suka watse."
Na ce, "Su wa?"
Ta ce, "Waɗanda ido ba ya gani.
Binne musu tsumman auduga wata biyu,
in suna nan, za su ci."

Ba ni da tsumma sai rigunansa uku a akwati.
Na binne ta fari.
Wata biyu na tono ta:
lafiya lau, ko zare bai motsa ba,
in an wanke, sai ya saka ta zuwa coci.
Na zauna a kan kunya na yi kukan
da ban yi ba ranar da aka rufe shi.

Da kaka na tuge rabin gandun.
Na watsa hatsin rai, na watsa mastad,
da ciyawar nan mai ganye uku-uku,
da wani ɗan wake mai hawa kan ɗan'uwansa.
Masu wucewa a keken doki suka rage gudu:
"Ga 'yar Nichifor tana shuka ciyawa!
Abin da uba ya kora, ɗiya ta yi masa shimfiɗa."
Ban tanka ba. Ni ma haka nake ji a raina.

Ƙanƙara ta sauko ta rufe komai.
Shekarar nan ban sayar da dashe ko ɗari ba,
na sayar da babur ɗinsa.

Da bazara mastad ya yi fure rawaya,
na sare shi ɗanye, na juya shi ciki.
Ƙudan zuman Zinovia suka yi fushi kwana uku.
Riga ta biyu ta fito da huji a kafaɗa,
girman tafin yaro.
Huji! Ban taɓa murnar ɓarna irin wannan ba.

Shekara ta uku fartanya ta daina ƙara.
Ta nutse shiru, ta ɗago tana biyu suna murɗawa,
da wani farin zare siriri
ya saƙe saiwa da saiwa a cikin duhu.
A saiwar waken, ƙananan ƙulle-ƙulle,
in ka fasa, cikinsu ja-ja.
Ƙasar ta marmashe a hannuna,
ta yi ƙamshin daji bayan ruwan dare.

Na tona inda na binne ta ƙarshe,
shuɗiyar da yake sakawa ranar kasuwa.
Babu hannu, babu wuya, babu aljihu.
Zaren ɗinki kawai, dogo,
da maɓallai bakwai.

Na wanke su, suna cikin kofi a bakin taga.
Bana na mayar da dashe a layin farko,
ciyawa kore dama da hagu har gwiwa.
Ban san me zai ce ba da ya ga gandun nan.
Wataƙila ya nemi magirbi.
Wataƙila ya tuge guda ɗaya,
ya ga saiwa fara, doguwa, mai gemu,
ya daɗe yana dubawa,
sannan ya tambaye ni ina rigunansa.