Hancin Uwa

Tunkiyar Hajjo ta haihu da asuba a bayan rumbu,
ruwa na sauka a Harbo kamar da bakin ƙwarya.
Barau ya tsinci ɗan a cikin taɓo,
tausayi ya kwashe shi:
ya wanke shi tas da sabulun wanki,
ya naɗe a tsumma, ya aje gefen murhu
har rana ta take tsaka.

Da aka mayar mata,
sau ɗaya ta sunsuna.
Ta ja da baya,
ta kai masa karon da ya zube a kan harawa.

Ni da na yi shekara biyu a Haɗeja ina karatun dabbobi
na tsuguna, na fara zuba:
Hajjo, lokacin naƙuda ƙwaƙwalwa na tsatso wani ruwa,
oksitosin sunansa, bai cika bakin allura ba.
Shi ke buɗe wata ƙofa a can ƙuryar hanci,
warin da ya riga shiga shi ne ɗa.
Sa'a ɗaya, ko biyu, ƙofar ta koma ta rufe.
Akwai kuma dofamin,
mai sa lasa ta yi mata daɗi
har ta manta da dusar da ke gabanta.
Barau bai wanke taɓo kaɗai ba,
ya haɗa har da sunan yaron.

Hajjo ba ta ɗago ba.
Ta ce, miƙo min kanwa.

Ta tatsi nonon farko a tafin hannu,
ta cuɗa da dusa, ta shafe bayan ɗan har wutsiya.
Ta kulle su a tsohon ɗakin gyaɗa,
ta sa aka ɗaure karen Ɗantani a bakin ƙofa.
Kare ya yi haushi.
Ta ramin kyaure na ga tunkiya ta buga ƙafa,
ta sha gaban abin da ta ƙi ɗazu.

Dare na farko, sai an riƙe ta.
Na biyu, harbi ɗaya ta yi, ta haƙura.
Na uku muka ji shi,
wannan gurnanin na ƙasa-ƙasa, baki rufe,
wanda tunkiya ba ta yi wa kowa
sai nata.
Wutsiyar ɗan na kaɗawa ƙarƙashin hantsa.

Na ce, kin gani? Ruwan ya dawo.
Ta ce, ku kun san sunansa,
ni na san hanyar gidansa.
Wanda ya zuba shi kuma,
ni da malamanka duk roƙonsa muke.

Ranar komawata, kafin mai babur ya iso,
ta jawo kaina kamar za ta duba ƙwarƙwata,
ta sa hanci a tsakiyar gashina,
ta daɗe.
Ina wata biyu aka kawo mata ni,
ran da aka binne 'yar kishiyar ƙanwarta, uwata.
Ban taɓa tambaya ba
me aka shafa min.