Ɓawon Albasa

Tara saura kwata, garin Hull bai gama wayewa ba,
bas ta tofar da ni a bakin makaranta,
iskar kogin Humber tana cizon kunnena
kamar na ci mata bashi.

Ɗakin gwaje-gwaje yana hawa na biyu:
warin gas, warin roba, da famfon da ba ya daina ɗiga.
Malam Ashworth, mai gemu kamar audugar da ta sha hayaƙi,
ya dire albasa guda a kan tebur,
ya ce yau za mu ga abin da ido ya daɗe yana tsallakewa.

Na danne dariya.
Albasa? Ni da nake yanka uku kowace Asabar,
ina sharar hawaye a gaban tukunyar Mama?
Ɗan gari za a nuna wa hanyar kasuwa?

Ya ce a ɓare fatar nan ta ciki,
wadda ta fi fiffiken fara siranta.
Tawa ta nannaɗe, ta yage, ta sake nannaɗewa,
sai da Imogen ta danne min gefe da tsinke
muka ɗiga mata aidin, muka rufe da gilashi.

Na kafa ido a madubin ƙara girma. Duhu.
Na murɗa. Gashin idona kaɗai ke kai da kawo.
Na sake murɗawa a hankali,
irin yadda Baba ke lalubar tasha a tsohuwar rediyonsa,
sai ga unguwa!
Ɗakuna a jere, bango jingine da bango,
kamar jan tubalin gidajen layinmu,
kowane ɗaki da ɗigo guda zaune a lungu.
Mai gidan ke nan, in ji Malam,
shi ke riƙe da duk umarnin ginin.

Na ɗago na dubi bayan hannuna.
Bai ce komai ba, ya miƙo tsinken auduga:
goga cikin kumatunki.
Nawa ba su da bango.
Suna warwatse kamar baƙin da suka sauka tasha
kowa da ƙunshinsa.

Kada a ɗauka daga ranar komai ya zo da sauƙi.
A darasin lantarki ƙwan fitilata ya ƙi kamawa,
na haɗa waya, na kwance, har aka kaɗa ƙararrawa.
Tara bisa ashirin na ci.
Na ninke takardar huɗu, na cusa ƙasan jaka
tare da ɓawon lemon jiya.

Da dare na kira Kaka a Funtuwa,
ina neman kalmomin da zan ɗauko unguwar nan da su.
Na ce, cikin albasa akwai ɗakuna dubu.
Ta yi shiru, layi yana ƙara,
ta ce, Allah mai iko.
To a can nawa ake sayar da kwano?

Asabar ta zo. Wuƙa a hannu, na tsaya cak,
ina tunanin bangon da zan rushe.
Barira, in ji Mama, miya ba ta jiran masana.

Na yanka.
Yanzu na san abin da ke tashi daga ɗakunan nan
ya haɗu da ruwan ido ya yi yaji,
zan iya zana shi a allo, har da kibiyoyi.
Hawayen dai bai fasa zuba ba.