Ƙofar Ƙwaya

Wuta ta ɗauke a Ƙofar Ƙwaya,
ni da kwamfuta muna lallaɓa sauran caji.
Na ba ta jinin zabon Inna Turai,
ba jinin ba, rubutun da ke cikinsa:
haruffa huɗu kacal,
sun jeru kamar daga nan zuwa Jibiya,
babu waƙafi, babu aya.

Manhajar ba cikin gida take nema ba,
zauren take lalube,
inda mai karatu zai tsaya ya yi sallama
kafin a fara ɗiga wa gashin zabo zanensa.

Ta ce: nan, kashi saba'in da uku.
Ta ce: can, wataƙila.
Sau biyu ta nuna mini bango ta ce ƙofa ce.
Ban yi fushi ba,
baƙo ma yakan ga tsagar ganuwa
ya ɗauka Ƙofar Guga ce.

Inna ta leƙo da cocila:
"Dudu, kin samo?"
"Sai Litinin, ɗakin gwaji zai raba gardama."
Ta ce, "Shi dai zabon
bai taɓa ɓatan ƙofar akurkinsa ba."

Allo ya yi baƙi.
Na zauna da saba'in da ukuna a duhu.