Bututun Gilashi a Yalwa

Bappa Sambo ya ce in kunna famfo kafin hita,
kullum haka, ko sauri na cin raina.
Wuta ba ta shiga ɗakin da ruwa bai riga ta ba.
Na kunna. Bututun gilashi, kamu shida a tsaye,
ya cika daga gindi, shiru kamar rijiya.

Babu tukunyar nukiliya a Bauchi,
ban taɓa ganinta ba sai a takarda.
Abin da muke da shi a ɗakin gwaji
sandar ƙarfe ce da lantarki ke gasawa,
tana kwaikwayon sandar makamashi
kamar yaro da takalmin babansa.

Da fari kumfa ƙanana,
tsabar gero, suna tsirowa a jikin ƙarfe,
kowace da hanyarta, ba mai taka wata.
Na ƙara wuta. Suka soma haɗa kai,
uku su zama ɗaya, ɗaya ta haɗiye goma,
sai ga dunƙule mai kan harsashi ya cika bututu
yana ingiza ruwa gaba.
Na ƙara. Sai rikici:
ruwa ya hau, ya rikito, ya sake hawa,
kamar tasha an ce mota ɗaya ta rage,
allurar ma'auni tana karkarwa.

Daga nan ne Bappa ke daina taunar goro.
Tururi ya ƙwace fili ya miƙe sama,
ruwa ya lafe a jikin sanda, siriri,
bai kai ɓawon albasa ba.
Wannan ɓawon, in ji shi, shi ne ganuwar gari.
Ranar da ya yage, ƙarfe ya bushe,
zafi ba ya sallama, haurawa yake.

Ni kuwa na san haka tun ban shiga boko ba.
Goggo Tabawa mai masa a Wunti
takan yarfa ruwa a tandar ƙarfe.
In ya yi cuu ya ɓace, ta zuba ƙullu.
In ɗigon ya dunƙule yana zagaye,
yana rawa bisa tururin kansa,
ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa,
sai ta ja tsaki ta janye itace.
Ga ruwa a kan wuta, bai sanyaya komai ba.
Shekara huɗu na yi ina lissafi
kafin in iso inda tsakinta ya tsaya.

Ƙarfe uku da kwata aka ɗauke wuta.
Famfo ya yi tari ya mutu.
Namu da sauƙi, hita ma ta bi shi.
Amma can, a ƙasashen da tukunyar take,
ko an kashe ta ba ta hucewa nan take,
garwashi ne a ƙarƙashin toka,
kwana da kwanaki yana neman ruwa.

Muka tsaya a duhu da fitilar waya.
Wani wuri a bayan bango
ruwan sanyi ya ci karo da tururi,
bututu ya buga, gwaf, kamar maƙeri ya yi fushi.
Na ja da baya. Bappa bai motsa ba.
Duba, ya ce.
Mai zafi yana hawa, mai sanyi yana sauka,
ba famfo, ba mai turawa,
a hankali, kamar tsohuwa za ta unguwa,
ruwan yana kewaya da kansa.

Na rubuta lokaci, na rubuta zafi,
lamba tara ta karkace don hannuna na rawa.
Wataƙila wata rana, a garin da ban sani ba,
wani zai kwana lafiya kusa da irin wannan wuta
bai san da ni ba, bai san da Bappa ba.

Ya rufe bawul, ya laluba aljihu.
Goron ya ƙare.