Agwagi Uku

Shagona a Luksor taku huɗu ne:
fitila ɗaya, tabarau, kwanon ruwa.
Shekara talatin ina yanka wa Fir'auna farashi,
bai taɓa wuce kuɗin jirgin Aswan ba.

Ran Talata Nargis 'yar Wagdi ta shigo
da naɗi goma sha ɗaya a buhun shinkafa.
Uban ya rasu, mai gidan haya ya zuba ido.
Ta ce, "Baba Fikri, duba, kar ka ji kunyata."

Na ɗaga na fari a gaban fitila.
Bardi na gaske saƙa ne, tsaye da kwance,
ka jiƙa shi, ka murɗe shi, ya koma yadda yake.
Wannan ina lanƙwasawa ya ce ƙas!
Ɓawon ayaba ne, 'yata,
an ba shi shayi ya sha don ya tsufa da wuri.

Na biyu, na uku, har na goma,
sarauniya guda ce, wuya guda,
ɗigo guda a gefen hanci inda hatimi ya lauje.
Zinariyar ta biyo yatsana kamar garin masara.
Rubutun kuwa: mujiya, ƙafa, mujiya, ƙafa,
wanda ya buga bai san magana yake yi ba.
Fam talatin-talatin, shi ma don bas ɗin Jamusawa
na tsayawa nan in direba ya ga dama.

Sai na sha ɗaya.

Babu sarki, babu kyanwa, babu ido mai hawaye.
Agwagi uku ne suna kiwo.
Na jiƙa gefe, ya sha ruwa bai yi gardama ba.
Gashin burushi ya maƙale a fiffiken ta tsakiya,
ƙafar ta ƙarshe sau biyu aka ja ta,
hannu ya yi rawa, ya dawo ya gyara.
Ba sa hannu, sai shatin babban yatsa, shuɗi.

Bai kai shekara goma ba, na faɗa mata.
Kabari bai san shi ba, teburin kicin ya sani.
Fam ɗari huɗu, in na yi wauta.

Ta ɗora yatsanta a kan shuɗin,
bai rufe shi ba.
Ta daɗe haka, har shayina ya huce,
sannan ta ce, "Haya ɗari huɗu ce."
Na ƙirga mata. Ba ta waiwayo ba.

Yana nan ƙarƙashin tebur, cikin tsohuwar jarida.
Jiya wani mai kyamara ya hango fiffike,
ya zaro walat, ya ce nawa?
Na ce masa, "Bar wannan, yallaɓai,
ayaba ce."