Katin Fara

A shagona na Bukoki, bayan mai gyaran rediyo,
na yanyanka kwalin sukari gida hamsin da huɗu,
na rubuta da biro: rijiya, iri, jaki, bashi, ruwan sama.
Karta nake son haifa, ta noman albasa:
wanda ya fara kai buhu goma tasha, shi ya ci.

Harira ce mai zane. Ba ta amsa gaisuwa sai ta wanke buroshi.
Jakin da ta kawo ya ɗebo kamar kawuna Bizo.
Na ce a rage masa gira.
Ta ce haka jakin Galmi ke kallon mutum
in an labta masa abin da ya fi ƙarfinsa.
Na bar mata.

Daren Laraba muka kai wasan fada.
Shayi na farko, ana shewa.
Na biyu, Tsahiru ya jefa katin fara,
gonakin kowa suka tafi tashi ɗaya.
Na uku ya huce a kofi.
Alkasum ya kife nasa a tabarma:
"Wannan na gan shi da idona a Tawa,
ban zo Yamai don in sake gani ba."

Kwana tara ina juya dokar nan.
In cire fara, wasa ya zama kunu ba tsamiya.
In bar ta, zaman makoki.
Wuta ta ɗauke, ina zaune da fitilar waya,
sai ƙamshi ya tsallako titi:
Inna Tamo na soya fara da yaji,
ƙulli dala ashirin.
Na yi dariya ni kaɗai cikin duhu.

Sabon kati: kasko.
Ta ci gonarka? Ka ci ta, ka sayar da saura.
Harira ta zana shi da baƙin gindinsa,
da hannun Inna, har tabon ƙunar mai.

A maɗaba'a, bugun farko,
albasarmu ta fito kore kamar ɗanyen mangwaro.
Harira ta tsaya a kan mai inji har la'asar,
albasar gaske a hannunta, tana kara ta da takarda.

Yau fakiti ɗari biyar na jingine da bango,
ban sayar da ko ɗaya ba tukuna.
Amma Alkasum ya dawo fada.
Ga shi can, ya danne kati ɗaya da cinya,
yana kurɓar shayi,
yana jiran Tsahiru.